Aji, sanarwa da ɗauke fasto: yadda cocin Metodis take rayuwa

Tambaya: Baba, barka da hutawa. Na tashi a wata ikilisiya dabam, aure ne ya kawo ni cocin Metodis a Kaduna. Tun makon farko aka rubuta sunana a wani aji, aka nuna mini shugabar ajin. Lahadi biyu ban je sujada ba, sai ga ta a ƙofar gidana. Sanarwa kuma ran Lahadi wani lokaci takan kusa kai tsawon wa'azi, har da lissafin kuɗi da sunayen marasa lafiya. Yanzu an ce za a ɗauke mana faston da muka saba da shi, ba wanda ya nemi ra'ayinmu. Haka tsarin yake, ko shisshigi ne kawai?

Amsa: 'Yata, sannu da zuwa cikinmu, Ubangiji ya albarkaci gidanki. Haka tsarin yake, kuma abubuwa ukun da kika lissafa jijiyarsu ɗaya. An gina su ne domin kada wani a cikin jama'a ya kwanta ciwo, ko bashi ya danne shi, ko ya ja da baya daga bangaskiya, alhali ba wanda ya sani. Na daɗe ina riƙe da aji, ina kuma wa'azi a majami'un birni da na ƙauye ba tare da an naɗa ni fasto ba, saboda haka zan gaya miki inda tsarin yake da kyau da inda mu masu riƙe da shi muke ɓata shi. Shisshigin da kike tsoro yana faruwa, amma ba shi aka shirya ba.

Bari in fara da ajin, don shi ne ƙashin bayan komai.

A shekarar 1739 John Wesley, wanda ya kafa Metodis, da mutanensa suka gina ɗakin taro a birnin Bristol na Ingila, ginin da ake kira New Room, wanda har yau yana tsaye. Da bashi aka gina shi. A watan Fabrairu na 1742 aka zauna ana neman hanyar biya, sai wani da ake kira Kyaftin Foy ya ce kowane mamba ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako. Aka ce masa ai da yawa ko kwabon ba su da shi. Ya ce to a haɗa shi da mutum goma sha ɗaya daga cikin waɗanda suka fi talauci, zai riƙa bin su gida-gida duk mako, wanda ya samu ya bayar, wanda bai samu ba shi zai biya masa. Wasu ma suka ɗauki irin wannan alkawari, aka raba jama'ar kashi-kashi, kusan sha biyu-sha biyu. Ba a jima ba masu karɓar kwabon suka fara dawowa da abin da ya fi kwabo nauyi: wane yana kwance ba mai duba shi, wane ya koma shan giya, gidan wane kullum rigima. Wesley ya gane cewa ya sami abin da ya daɗe yana nema, wato hanyar sanin halin da kowane mutum yake ciki a jama'ar da ta fi ƙarfin idon mutum ɗaya. Daga nan ya kai tsarin Landan da sauran wurare.

Daga baya aka ga bin gida-gida kaɗai bai wadatar ba. Yana cin lokaci, kuma da yawa cikin mutanen barori ne a gidajen iyayengijinsu, ba a yarda a riƙa shigo musu da baƙi ba. Ga kuma rigimar da ba ta warwaruwa sai an zaunar da masu ita ido da ido. Sai aka mayar da shi zama: 'yan aji su taru sau ɗaya a mako, a yi waƙa da addu'a, kowa ya faɗi halin da ransa yake ciki. Dokokin da Wesley da ƙanensa Charles suka fitar a 1743 sun zayyana aikin shugaban aji. Ya ga kowane ɗan ajinsa aƙalla sau ɗaya a mako, ya tambayi lafiyar ruhunsa, ya ba da shawara, ko ya tsawata, ko ya ta'azantar, gwargwadon buƙata, ya karɓi abin da mutum ya yi niyyar bayarwa domin matalauta. Sannan ya sadu da mai wa'azi da masu riƙon kuɗin jama'a, ya sanar da su wanda ba shi da lafiya da wanda ya kauce hanya ya ƙi jin magana, ya kuma miƙa abin da ya tara.

To, matar da ta ƙwanƙwasa ƙofarki wannan aikin take yi, aikin da ya haura shekara ɗari biyu da tamanin. In da ba ta zo ba, da ita ce ta yi laifi. Zumunta a ƙafa take, kuma a cocin da mutum ɗari biyar ke sujada, fasto ba zai taɓa lura cewa amaryar da ke zama a layi na takwas ba ta zo ba. Shugabar da ke da mutum goma sha biyar a littafinta za ta lura. Na ga matar da haihuwa ta zo mata da gardama mijinta yana tafiya, 'yan ajinta ne suka kai ta asibiti suka ba da jini. Na ga dattijon da aka kora daga gidan haya, kunya ta hana shi faɗa wa kowa, sai da shugaban ajinsa ya je bai tarar da shi ba ya bi sawu. Irin waɗannan ba sa shiga rahoton shekara, amma su ne cocin.

Yanzu ga iyakar. Shugabar aji tana da izinin tambayarki lafiya, da abin da ya hana ki zuwa, da ko akwai abin da za a yi miki addu'a a kai. Ba ta da izinin binciken tukunyarki, ko tambayar me ya sa har yanzu shiru babu ciki, ko ɗaukar abin da kika gaya mata ta kai wa surukarki. Abin da aka faɗa a aji amana ne. Na fi jin zafin wannan fiye da kowane kuskure a coci, domin idan mutum ɗaya ya ji sirrinsa a bakin wata a kasuwa, ajin nan ya mutu ko da ana ci gaba da taruwa. Kowa zai zo ya ce lafiya lau, a yi addu'a, a watse. Mutanen farko sun san wannan haɗari. A 1752 Wesley da ƙanensa da wasu masu wa'azi suka sa hannu a wata yarjejeniya cewa ba za su saurari mugun labari a kan junansu ba, ba za su tono shi ba, in kuma sun ji ba za su yi saurin gaskatawa ba, kuma ba za su faɗa wa kowa ba sai sun fara tuntuɓar mai abin. Hanyar da Yesu ya shimfiɗa ce a Matiyu sura 18: ka fara zuwa wurin ɗan'uwanka kai kaɗai, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe a kai gaban ikilisiya.

Horo ma yana cikin tsarin tun asali. Duk wata uku ake ba kowane mamba tikiti, ƙaramar takarda mai ɗauke da sunansa da ayar Littafi Mai Tsarki, wanda kuma ba a sabunta masa ba ya san an ajiye shi gefe ba tare da an kira sunansa a bainar jama'a ba. A 1743 Wesley ya je Newcastle ya cire mutum 64 daga jama'ar wurin. Daga cikinsu, goma sha bakwai saboda maye, huɗu saboda zagi da ɓata sunan mutane, uku saboda ƙarya, ɗaya saboda dukan matarsa, ashirin da tara saboda sakaci da wasa da al'amarin. Ki duba, mai gulma da mai dukan mata suna cikin jerin tare da mashayi. Mu a yau mun fi saurin dakatar da yarinyar da ta yi ciki kafin aure, wani lokaci har a karanta sunanta daga bagade, wanda ya yi mata cikin kuwa yana zaune a cikin mawaƙa ba abin da ya taɓa shi. Wannan zalunci ne, kuma duk taron shugabannin da na zauna a ciki na faɗi haka.

Daga aji labari yakan hau sama mataki-mataki, kamar yadda magana take tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, har ta isa fada. Shugabannin aji suna zama da fasto da masu riƙon amanar coci, waɗanda ake kira sitiwad. Majami'u da yawa na kusa da juna suna haɗuwa su zama sakit guda, suna taro duk wata uku. Sakit-sakit suka haɗu suka yi dayosis mai bishop, inda ake sinod, wato babban zaman dayosis, kowace shekara. A can ƙoli akwai Babban Taro na ƙasa, shi ne mai yanke hukunci na ƙarshe. Tushensa taron da Wesley ya kira a Landan a 1744, shi da 'yan tsirarun limamai da masu wa'azi. A waɗannan zaure duka akwai kujerun waɗanda ba limamai ba, har dayosis tana da shugaba daga cikin jama'a da ke aiki kafaɗa da kafaɗa da bishop. Abin da aka yanke a sama kuma ta wannan tsani yake saukowa, ya ƙare a takardar da magatakarda yake karanta muku ran Lahadi.

Shi ya sa sanarwar take da tsawo. A cikinta akwai wasiƙar bishop, da saƙon sakit, da na zumuntar mata, da na maza, da na matasa, da 'yan Birged, da mawaƙa, da makarantar Lahadi. Akwai sanarwar aure, wadda ake maimaitawa Lahadi uku domin duk mai wata hujja da za ta hana ɗaurin auren ya fito tun da wuri. Akwai haihuwa da rasuwa da baƙi. Al'adar karanta labari a gaban jama'a ma tsohuwa ce. A zamanin Wesley akwai rana ta musamman a wata da ake taruwa don a karanta wasiƙun da suka zo daga wurare dabam-dabam kan yadda aikin bishara yake tafiya, kuma a 1778 ya fara buga mujalla mai fita duk wata, wadda take ɗauke da tarihin rayuwa da mutuwar talakawan masu bi, ba na manya kaɗai ba. Ko zuwan Metodis ƙasar nan wasiƙa ce ta jawo shi. Mutanen da aka 'yanto daga bauta suka zauna a Saliyo, daga baya suka komo Badagry, su ne suka rubuta suna roƙon a aiko musu da malami, sai Thomas Birch Freeman ya sauka a can ranar 24 ga Satumba 1842 daga Cape Coast ta ƙasar Gana ta yau. Jama'ar da ta san darajar wasiƙa haka ba za ta raina sanarwa ba.

Duk da haka ina tare da ke cewa sau da yawa ana wuce gona da iri. Abin da ya cancanci a faɗa da baki a tsakiyar sujada shi ne abin da jama'a za su ɗauka su yi addu'a ko su tashi su yi wani abu a kai: wance ta sauka lafiya, wane ya rasa mahaifinsa za a yi jana'iza ran Alhamis, gobara ta cinye shagon ɗan'uwanmu. Wannan sashen sujada ne, shi ne yin murna da masu murna da yin kuka da masu kuka. Amma ranar gwajin waƙa, da kuɗin ankon zumunta, da jerin sunayen 'yan kwamiti, allon sanarwa da takardar tsarin sujada da rukunin WhatsApp sun ishe su. Magatakarda nagari yakan karɓi sanarwa tun ran Asabar, ya tace, ya haɗa masu kama da juna, ya ƙi karɓar guntuwar takardar da ake miƙo masa yana tsaye a gaban jama'a. Sai kuma harshe. A majami'un Kaduna da Kano da Jos za ki tarar da Bayarabe da Ibo da Idoma da mutanen kudancin Kaduna a benci ɗaya. In aka karanta komai da Turanci aka zauna, tsofaffin matan da suka fi kowa zuwa gaisuwar mutuwa da dubiya su ne ba su ji ba. Minti biyu na taƙaitawa da Hausa yana maganin wannan.

Sunan mara lafiya kuwa, doka ɗaya nake bi: ba a karanta shi sai da yardarsa ko ta iyalinsa, kuma ba a faɗin irin ciwon. A ce ɗan'uwanmu wane yana asibiti, mu tuna da shi cikin addu'a, ya isa. Akwai cututtukan da in aka ambata su sau ɗaya a coci, yarinya ta rasa mijin aure, magidanci ya rasa masu sayen kayansa. Magana zarar bunu ce. Haka ma wanda aka taimaka wa daga asusun matalauta, ba a kiran sunansa ko kaɗan.

Lissafin kuɗin da kike ji, wannan kam ina roƙonki ki saurare shi da kunne biyu. Tun farko Wesley ya raba mai wa'azi da jakar kuɗi, ya danƙa ta a hannun sitiwad, su karɓa, su kashe, su rubuta, su ba da lissafi. A Landan har asusun rance suka buɗe, ana ba ƙaramin mai sana'a abin da bai wuce sule ashirin ba ya biya cikin wata uku, kuma a 1746 aka fara ba matalauta magani kyauta. Kuɗin jama'a ne, dole jama'a su ji inda ya shiga. Cocin da ake karanta nawa aka samu na baiko da zakka da godiya, nawa aka tura wa sakit da dayosis, nawa ya tafi gyaran rufi, ta fi cocin da ake cewa ku dai ku bayar Allah yana gani lafiya nesa ba kusa ba. Baikon Lahadi mutum biyu ko uku ya kamata su ƙirga tare, su sa hannu, kada ma'aji ya tafi da shi gida shi kaɗai. Wannan kariya ce gare shi kafin kowa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne karanta sunayen masu bayarwa da adadin da kowa ya ba da, musamman lokacin bikin godiyar kaka, a yi wa mai dubu ɗari tafi, mai ɗari biyar ta sunkuyar da kai. Wasiƙar Yaƙub ta yi kashedi a kan fifita mai zoben zinariya a cikin taron masu bi, kuma tsarin da ya fara da mutumin da ya ɗauki nauyin biyan kwabon matalauta a ɓoye bai kamata ya koma wurin kunyata su ba.

Kina sabuwa, za ki ga shekara tana da nata zagaye. Daren 31 ga Disamba ana kwana sujada har a shiga sabuwar shekara. Farkon Janairu ana sujadar sabunta alkawari, wadda Wesley ya fara a Landan a 1755, inda kowa yake sake miƙa kansa ga Allah ko da daɗi ko da wuya. Ranar 24 ga Mayu ana tunawa da daren 1738 da John Wesley ya sami tabbacin ceto a wani taro a titin Aldersgate. Wajen ƙarshen shekara sai godiyar kaka, a kawo doya da masara da kaji gaban bagade. Waƙa kuwa ba a magana, Charles Wesley shi kaɗai ya rubuta fiye da dubu shida. Amma in kina son sanin inda zuciyar cocin take bugawa a tsakiyar mako, ki je taron zumuntar mata. Su ne suke fara jin an yi haihuwa, su ne suke kwana gidan makoki, su ne suke dafa abincin taro, kuma sau da yawa asusunsu ya fi na kowace ƙungiya tsabta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, akwai abin da ba za ki iya faɗa a ajin da maza suke ba wanda za ki faɗa a can.

Sai batun faston ku. Na san yana da ciwo, kuma ba ku kaɗai yake yi wa ciwo ba, 'ya'yansa za su sake makaranta, matarsa za ta bar sana'arta da ƙawayenta. Amma a Metodis coci ba ta ɗaukar fasto aiki da kanta, ba ta kuma sallamarsa. Ikilisiya gaba ɗaya ce take tura shi, ita take ɗauke shi. Wesley ya yi imani cewa mai wa'azin da ya daɗe a wuri ɗaya shi da masu sauraronsa duk sukan yi sanyi, saboda haka masu wa'azinsa kullum suna kan doki daga gari zuwa gari, kuma takardar da ya kafa Babban Taro da ita bisa doka a 1784 ta hana a bar mutum a majami'a ɗaya fiye da shekara uku. Yau wa'adin ya fi haka sassauci, amma manufar tana nan. Coci ba ta zama mallakar mutum ɗaya, ƙauyen da ba shi da kuɗi shi ma wata rana zai sami gwanin fasto, wanda kuma bai dace da wuri ba akwai ranar tafiyarsa ba sai an yi faɗa ba. A ƙasar da muke ganin majami'u suna zama gadon uba da ɗa, ni ina ganin wannan alheri ne babba.

Ki lura kuma da abin da wannan yake nufi. Tun da fasto mai wucewa ne, masu zama su ne ku. Sabon fasto in ya iso, shugabannin aji ne za su zaunar da shi su ce gidan wane akwai gwauruwa da marayu huɗu, wane da wane shekara biyu ba sa gaisawa, tsohuwa wance ba ta iya fitowa sai an kai mata Jibin Ubangiji gida. Yawancin ƙananan majami'u ma ba fasto ne yake wa'azi a cikinsu kowace Lahadi ba, irinmu ne, malaman makaranta da manoma da ma'aikatan asibiti da aka horar aka ba izini, ana raba mu bisa jadawalin da sakit take fitarwa. Idan kuna da magana a kan canjin, hanyarta ita ce ta bakin sitiwad ɗinku zuwa taron sakit da bishop. Ana saurara, ko da yake ba kullum ake canja hukunci ba. Takardar koke da ake zagayawa da ita a ɓoye ana tara sa hannu kuwa, ban taɓa ganin ta haifar da alheri ba.

Akwai abu ɗaya da ba ki tambaya ba amma za ki ci karo da shi, don Metodis a Najeriya ba ɗaya ba ce. Taku ita ce wadda ta samo asali daga Ingila ta hanyar Badagry da kuma gabashin ƙasar, ta sami cin gashin kanta a 1962, ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa daga kudu suka kawo ta garuruwan arewa. Ita ma ta sha rabuwa bayan sauye-sauyen tsarin mulkinta na 1976, sai a 1990 ɓangarorin suka sake haɗuwa. Ɗayar kuma cibiyarta jihar Taraba, can ne za ki ji sujadar Metodis da Hausa daga farko har ƙarshe. Ta tsiro ne daga aikin wani Ba'amurke, C. W. Guinter, wanda ya zo a 1906 ya kuma buɗe tashar Bambur a 1923. An daɗe ana kiranta ikilisiyar lardin Muri, haɗewar da uwar ikilisiyarta ta yi da cocin Metodis ta Amurka a 1968 ita ta mayar da ita cikin United Methodist, ta sami bishop ɗan ƙasa na farko, Done Peter Dabale, a 1992.

Na kawo wannan ne saboda abin da ya sami 'yan United Methodist ɗin nan. A 2024 babban taronsu na duniya a Amurka ya cire dokokin da suka shafi masu auren jinsi. Bishop John Wesley Yohanna ya fita da jama'a masu yawa zuwa wata ikilisiyar Metodis dabam mai suna Global Methodist, suna cewa ba za su zauna inuwa ɗaya da wannan hukunci ba. Waɗanda suka tsaya suka ce koyarwar aure a Najeriya ba ta canja ba, aka kuma zaɓi Ande Emmanuel bishop a watan Disamba na shekarar. Cikin wannan watan na Disamba aka yi rikici a Munga Dosso ta ƙaramar hukumar Karim Lamido, aka rasa rayuka uku, biyu daga ciki ƙananan yara. Mutanen da suka yi shekaru suna cin Jibin Ubangiji tare. Saɓanin na gaske ne, ba zan ce rashin fahimta ne kawai ba. Amma a lokaci irin wannan abin da yake fara isa kunnen talaka saƙon murya ne da aka turo ta waya, ba a san wanda ya yi shi ba, kafin wani ya karanta masa ainihin abin da aka yanke. Inda aji yake da rai, akwai wurin da mutum zai zauna da wanda ya sani ya yarda da shi ya tambaya ko gaskiya ne, kuma da wuya ka ɗaga hannu a kan wanda kuka durƙusa tare ran Laraba. Shi ya sa nake gaya wa masu kula da rukunin WhatsApp na coci cewa aikinsu ya zama irin na magatakarda: kada a bar hoton gawa ko na mara lafiya, kada a bar labarin hari ko na mutuwa sai an tabbatar daga iyali ko fasto, siyasar jam'iyya kuma a kai ta wani wuri.

Ke kuma, 'yata, ga abin da ya rage miki. In an yi miki baftisma da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ba za a sake yi miki ba. Ki karɓo takardar shaida daga tsohuwar ikilisiyarki ki kai wa fasto kafin ya tafi, zai gaya miki ko akwai 'yan darussan da za ki bi kafin a karɓe ki cikakkiyar mamba. In ajin da aka sa ki ya yi nisa da gidanki, ko lokacin zamansa ya ci karo da aikinki, ko kuma surukarki tana ciki har ba ki iya sakin jiki, ki nemi a canja miki, ana yi, ba laifi ba ne. Ranar da shugabar ajinki ta sake zuwa, ki ba ta ruwa, ki gaya mata tun farko abin da kika yarda a kai gaban fasto da abin da kike so ya tsaya tsakaninku. In za ki yi tafiya ko ba ki jin daɗi, ki aika mata saƙo kafin Lahadi.